Daga Bande Zuwa Yamai: Wa Zai Biya Kuɗin Mota?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa wajen 400,000 ne ciwon daji ke kamawa kowace shekara. A ƙasashe masu hannu da shuni irin su Faransa, fiye da 80 cikin ɗari suna warkewa. A ƙasashe matalauta da dama, ko 30 ba a kaiwa. A shekarar 2018 hukumar ta ƙuduri aniyar kai adadin zuwa 60 cikin ɗari kafin 2030. Madalla. To amma mu tambayi kanmu, ta wace hanya wannan ƙuduri zai iso Bande?

Ɗauki ciwon nan mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yaro, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma duk wanda ya ga asibitin Magariya da damina ya san matsayinmu. Ciwo ne mai saurin girma cikin makonni, amma yana jin magani idan an tare shi da wuri. Abin takaici, kafin a gane shi an sha rubutu, an je wurin wanzami, an ce haƙori ne, an ce sammu ne. Kada a yi gaggawar zargin iyaye: ma'aikacin ɗakin shan magani da ba a koya masa alamun ba, shi ma maganin zazzaɓi zai bayar.

Idan an gane, sai Damagaram, daga can sau da yawa sai Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. Jinya kuwa ta watanni ce. Manomi zai sayar da akuya, ya sayar da gero, ya bar gona. Ran da guzuri ya ƙare ya ɗauko ɗansa, magani bai kammala ba, ciwo ya dawo.

Tun 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara ƙasa da shekara 5 kyauta. Wannan ciwo kuwa ya fi kama waɗanda suka kai ko suka haura shekarun nan. A ganinmu, wajibi ne a ɗage iyakar ga duk yaron da aka tabbatar yana da ciwon daji, a haɗa da kuɗin mota da masauki. Hukumomin garuruwa da manyan ƴan kasuwar Magariya da Dungas, masu kai tirela Kano kowane mako, ba za su gaza kama gida guda kusa da asibiti a Yamai ba.