Zuwa Ga Dillalan Hatsi Na Mahuta: "Okay" Ba "To" Ba Ce

 

Tun da aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, ya zaunar da masara a ƙasarmu, baƙi ba su yanke mana ba. Yau masu haɗa abincin kaji daga Ibadan da Legas ba sai sun tako Bakori ko Dandume ba. Waya suke bugowa, cinikin kuma da Turanci. A nan nake jiye muku tsoro.

Bahaushe in ya ce "to", sau da yawa "na ji ka" yake nufi, bai sallama ba. Sai muka ɗauki "okay" muka ɗora mata wannan aikin. Mutumin Ibadan kuwa, da ya ji "okay", ya gama rubuta ciniki. Na ga dattijo, gwanin awo, yana ta "okay, okay" don kunyar a ce bai gane ba, mota ta zo aka tashi da rigima kan kuɗin lodi.

In magana ta wuce ka, ce "come again" ko "please repeat". Ba wanda zai raina ka, su ma haka suke yi wa junansu. In kana shakka, mayar masa da zancensa: "do you mean", sannan ka faɗi abin da ka fahimta. Farashin buhu mai kilo 100 ne? Har da dako da kuɗin mota? Tambaya ɗaya ta wadatar: "with transport or without?"

Babban ramin shi ne "fifteen" da "fifty". A waya, ga hayaniyar kasuwa ga ƙarancin sabis, tagwaye ne. Buhu 15 da buhu 50 kuwa ba abin wasa ba ne. Ku rarrabe lambar: "one five" ko "five zero".

Wajen jaddadawa, ɗaga murya ba ya ƙara komai sai zargin faɗa. "I repeat" da "last price" sun isa, a faɗe su a natse. "Wallahi" kuma a bar ta ta huta, ba a rantsuwa kan waken soya.

Don Allah, kafin a ɗinke bakin buhu ko ɗaya, ku sa mai saye ya turo adadi da farashi a rubuce ta WhatsApp.

Wassalam,
ɗan'uwanku a bakin sikeli.