Mai Kaya Ne Ya Zo da Mudunsa

Bayan girbin bara ƙanen matata ya taso daga Bungudu ya same ni a Gusau, ko ruwa bai sha ba ya miƙo mini wayarsa. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna, kuma tsohuwar kwamfutarsa ta fara gajiya. Abin da ya nuna mini guntun bidiyo ne na shugaban kamfanin Nvidia, Jensen Huang, a bikin baje kolin CES na birnin Las Vegas a watan Janairun 2025, yana shelar cewa sabon katin sarrafa hoto RTX 5070, mai dala 549, zai yi aikin RTX 4090 wanda aka fitar a 2022 a kan dala 1,599.

Ya ce, "Yaya, ka ga garaɓasa. Babur ɗina zan sayar in haɗa da kuɗin waken suya."

A canjin lokacin, dala 549 ta haura naira dubu ɗari takwas, kafin a yi maganar dako da ribar ɗan kasuwa da sauran kayan da katin zai zauna a cikinsu. Yaro zai rabu da abin hawansa saboda magana ɗaya da mai kaya ya faɗa a kan kayansa. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai sani ba, katin sarrafa hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ido ke gani a allo. Ana auna ƙarfinsa da yawan hotunan da yake iya zanawa a daƙiƙa ɗaya, ko da makin da wata manhajar gwaji irin 3DMark ta ba shi. Waɗannan alƙaluma su ne mudun wannan kasuwa. Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Tsafe ya san ba a barin mai hatsi ya zo da mudunsa daga gida, ya auna da kansa, ya kuma rantse ya cika. Amma a harkar kwamfuta haka muke yi, har da tafi.

Ga yadda aka auna wancan mudun. RTX 5070 yana da wata fasaha, DLSS 4, wadda idan katin ya zana hoto ɗaya na gaske, sai ƙirƙirarriyar basira ta yi hasashen har guda uku ta cusa a tsakani. Sai a haɗa na gaske da na hasashe a ƙirga. Ido zai ga motsi ya yi santsi, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai wasan ba ya amsa hannunka da saurin da lambar ta nuna, kuma dabarar ta wasannin da aka tsara dominta ce kawai. Mai tace bidiyon biki babu abin da za ta ƙara masa. Da katin ya shiga hannun masu gwaji masu zaman kansu a watan Maris na 2025, sai aka ga ainihin ƙarfinsa ya fi kusa da na RTX 4070 Super, bai ko kama ƙafar 4090 ba. Ma'adanarsa gigabayit 12 ce, ta 4090 kuwa 24.

Kada wani ya ce tuntuɓen harshe ne. Tsohon hali ne. A 2001 an kama kamfanin ATI da tsara manhajar katinsa ta rage kyan hoto da zarar ta gane wasan Quake III ake gwadawa, don maki ya tashi. Masu bincike sun sauya sunan fayil ɗin wasan kawai, sai maki ya sauka. A 2003 kamfanin Futuremark, mai 3DMark, ya zargi Nvidia da irin wannan wayo. GTX 970 na 2014 an tallata shi da gigabayit 4, daga baya aka gano rabin gigabayit na ƙarshe tafiyar hawainiya yake yi, har aka kai ga sulhu a kotun Amurka a 2016, aka amince a biya kowane mai saye dala 30. A watan Oktoban 2022 Nvidia ya janye wani kati da ya raɗa wa suna RTX 4080 mai gigabayit 12 saboda surutun jama'a, sannan ya dawo da shi da sunan 4070 Ti. Har yau RTX 4090 na kwamfutar tafi-da-gidanka suna kawai ya haɗa shi da na kan tebur, don ƙwaƙwalwar 4080 ce a cikinsa.

Mai karatu da ke cewa wannan rigimar 'yan wasan kwamfuta ce, duba wayar da ke hannunka. A 2013 an gano Samsung Galaxy S4 tana ƙara wuta idan ta gane manhajar gwaji ce ke aiki. A 2018 an cire wasu wayoyin Huawei daga jerin 3DMark saboda laifi iri ɗaya. Makin AnTuTu da yaron shago ke karanto maka don ka ƙara kuɗi, ɗan gidan su ɗaya ne.

To, mu ɗauka ma alƙaluman gaskiya ne tsantsa. A ina aka auna su? A ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Gusau yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar kati cikin 'yan makonni. Kati idan ya ɗau zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. RTX 4090 shi kaɗai yana jan wat 450, kwatankwacin fankar silin shida, kuma kamfanin da kansa ya ba da shawarar a haɗa shi da na'urar ba da wuta mai wat 850. Ko 5070 ɗin wat 250 yake ci. Wanda ke aiki da sola da batir biyu a Bungudu, awa nawa zai yi kafin inbata ta fara kuka? Babu jadawalin da ke nuna wannan, domin ba mu aka yi wa jadawalin ba. Mu da muka ga an rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021 mun san cewa na'ura ba ta da amfani sai gwargwadon abin da ke kewaye da ita.

Haushina bai tsaya kan kamfanoni ba. Ɗan kasuwa dama yabon kayansa zai yi. Waɗanda suka fi ba ni takaici 'yan uwana ne masu ilimin kwamfuta, da ke ɗauko jadawalin kamfani su fassara shi da Hausa a TikTok da Facebook, su kira shi bita, alhali ko kwalin katin ba su taɓa riƙewa ba. Yaro ya yarda da kai saboda da harshensa ka yi masa magana, kai kuma ka miƙa shi ga mai talla. Ga kuma masu sayar da na hannu. Tun da Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ni kaina na taɓa sayen irinsu a wani shago, mai shagon ya nuna mini maki mai kyau a gwajin minti biyu. Da na kai gida, bayan rabin awa allo ya fara zane-zane.

Za a ce, to a daina gwaji ke nan? A'a. Manhaja nake rubutawa, kullum cikin awo nake. Gwajin masu zaman kansu ne ma ya tona duk asirin da na lissafa a sama. Akwai kuma masu buƙatar babban kati da gaske, kamar ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke koyon horar da ƙirƙirarriyar basira, shi ma girman ma'adana ya kamata ya fara dubawa kafin maki. Abin da nake ƙi shi ne cinikin biri a sama, a ɗauki lambar da mai kaya ya zaɓa, a aikin da ya zaɓa, a ce ita ce gaskiyar kowa.

Mudunka shi ne aikinka. Idan bidiyo kake tacewa, sa fayil ɗin bikin da ka ɗauka a filasha, ka je da shi, ka ce a fitar da shi a gabanka kana duba agogo. Bari na'urar ta yi aƙalla rabin awa tana aiki mai nauyi, ka ga zafinta. Tambayi wat nawa take ci, ka lissafa da batirinka. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Haka muka yi da ƙanen matata. Da muka duba, ashe ba kati ne matsalarsa ba. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ne da ƙarancin RAM suke riƙe masa aiki. Muka sa SSD, muka ƙara RAM, kuɗin bai kai rabin rabin abin da ya yi niyyar kashewa ba. Babur ɗinsa yana nan, da shi yake zuwa ɗaukar bukukuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.