Mangwaro Baƙo Ne, Mu Riƙe Shi da Daraja



A darasin tarihi mun fi jin labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Mu a ganinmu fatake ma sun cancanci a riƙa tunawa da su, domin yawancin 'ya'yan itatuwan da muke saye a bakin ƙofar makaranta su ne suka kawo su Afirka.

Asalin mangwaro ƙasar Indiya ne da maƙwabtanta. Ayaba kuwa an fara nomanta a tsibirin Niyu Gini da kudu maso gabashin Asiya, shekaru dubbai da suka wuce. Tsakaninsu da Afirka akwai Tekun Indiya. A wannan teku iska tana kaɗawa ta gefe ɗaya na wasu watanni, sannan ta juya. Fataken da suka fahimci haka sai su ɗaga tafiya da jiragen ruwa masu filafilai, su sauka a gabar gabashin Afirka, su jira iska ta juya su koma gida.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ayabar da muke ci ba ta da irin shuka, sai an ciro ɗan tsiron da ke fitowa a gindinta an tafi da shi da ransa. Ƙwallon mangwaro shi ma ba ya daɗewa yake mutuwa. Ke nan wani ya yi ta lallaɓa su a hanya, alhali ba shi zai sha inuwarsu ba.

Daga baya Turawan Fotugal, waɗanda suka isa Indiya ta teku a 1498, sun ƙara yaɗa mangwaro. Abarba da gwanda da gwaba da kashu kuma daga nahiyar Amurka suka fito, bayan 1492. Harshenmu ma yana ba da shaida, don kalmar lemo daga Larabci muka aro ta.

Wani zai ce mene ne amfanin wannan tsohon labari? Amfaninsa shi ne yau a garuruwanmu ana sare bishiyar mangwaro don itace da gawayi, kuma ba kowa ke dasa wata a madadinta ba. Abin da ya ƙetare teku kafin ya iso mu bai kamata ya ƙare a murhu ba.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta ya ba kowane aji wuri ya dasa bishiya ɗaya a farkon damina, a kafa ɗan allo mai sunanta da ƙasar da ta fito. Kowane aji ya killace tasa saboda awaki, ya tsara masu ba ta ruwa da rani. Mangwaron aure yakan fara 'ya'ya cikin 'yan shekaru, don haka 'yan aji ɗaya na yanzu za su iya ɗanɗanawa kafin su gama sakandare.