Ina baƙo zai ci ya ƙoshi a Dogon Dutsi?

'Yan'uwa mata, in an yi muna wannan tambaya, mu dai bakin tasha muke nunawa, kan babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, wurin masu dambu da zogale. Ƙarshen sanyi kuwa, sai soyayyen dankalin turawa na lambunan garinmu, sabon haƙa. Hura mai nono? Ya jira kasuwar Juma'a.

To, amma matahiyi ba ya daɗewa, kallo ɗaya yake yi wa tukunya. Wadda ta ɗauki rancen asusu don saida abinci, ta hwara da kwano mai murhi, da buta da sabulu. Direba ya ga ƙudaje, wallahi gaba zai yi da hwasinjansa, ga kuma biyan rance na jiranki ran taro.