Wanda Ya Biya Shi Ke Bin Ba'asi

A watan Oktoba na 1979, jim kaɗan bayan rantsar da su, gwamnonin jam'iyyar PRP biyu, Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Haraji kuɗi ne da ake aza wa kowane baligi namiji, jangali kuwa a kan kowane kan saniya. Mai unguwa da dagaci su tara, hakimi ya miƙa wa baitulmalin En'e. Wanda ya gaza biya yakan sayar da hatsin gidansa ko akuyarsa, ko ya sha ɗauri, ko ya tsere daga gari. Ba a shawarce shi kafin a yanka masa ba, kuma ba shi da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga.

Ƙorafin ya girmi mulkin mallaka. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Da Turawa suka ci ƙasar, sai suka tattara kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa a ƙarƙashin dokar haraji ta 1906, suka bar wa sarakunan aikin tarawa. A kudu, jita-jitar za a aza wa mata haraji ce ta tayar da boren matan Aba na 1929, kuma zanga-zangar matan Abeokuta ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti ta sa Alake ya bar karagarsa a 1949. A Arewa, NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta sami kunnen talaka ne da maganar haraji da aikin tilas da kotunan alƙalai. Zafin biya shi ya koya wa 'yan Nijeriya da yawa tambayar hukuma.

Abin da ya sauƙaƙa soke haraji a 1979 shi ne man fetur. An gano shi a Oloibiri a 1956, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1974, gwamnati ta sami taskar da ba ta bi ta aljihun talaka. Har yau, a kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗi tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma yawancin jihohi da wannan rabo suke biyan albashi. Shugaban da abincinsa ke zuwa daga Abuja, can idonsa zai koma. Ta haka rijiyar burtsatse da ajin makaranta suka zama kyautar mai girma gwamna, ake kiran su romon dimokuraɗiyya, ake tara mutane su yi godiya a kan abin da aka yi da dukiyarsu. Kuɗin da mutum bai ji fitarsa daga aljihunsa ba, da wuya ya bi sawunsa. Alamar wannan sanyin jiki ta bayyana a rumfar zaɓe: kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista sun fito a zaɓen shugaban ƙasa na 2003, amma a 2023 ba su kai kashi 30 ba.

Duk da haka ɗan ƙasa bai daina biya ba. Yana biyan harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a 2020, a duk lokacin da ya sayi katin waya. Yana yankar tikiti a kasuwa da tasha. Yana haƙa rijiyarsa, ya sayi janaretonsa, ya haɗa kuɗin 'yan sintiri a unguwa. A wasu ƙauyukan Zamfara da Sakkwato da Katsina, 'yan bindiga ne ke yanka wa gari kuɗi kafin a yi shuka ko girbi, kuma sunan da mutane ke kiran wannan kuɗi shi ne haraji. Jikan wanda aka 'yanta a 1979 ya koma biyan kuɗin kai, wannan karon ga mai bindiga a daji.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ajiye ɓangarorin yarjejeniyar a babi guda. Sashe na 14 ya nuna iko na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 24 ya ɗora wa ɗan ƙasa bayyana abin da yake samu bisa gaskiya da biyan haraji a kan lokaci. Sai dai sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Hukuma tana da dokokin haraji da za ta kama wanda ya ƙi biya, shi kuwa ɗan ƙasa ba shi da irin wannan sanda idan aka gaza tsare shi. Abin da ya rage masa shi ne ƙuri'a da tambaya.

Za a ce mai fama da abincin yau ba shi da abin bayarwa, kuma zuba kuɗi a lalitar da ke yoyo wauta ce. Maganar farko gaskiya ce, shi ya sa maido da harajin kai ba mafita ba ne. Dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ma sun ɗauke harajin samu daga wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba. Magana ta biyu kuwa tana ƙara wa ɓarawo sarari ne, domin lalitar da masu ita suka juya wa baya ta fi daɗin sata. Nauyin ya faɗa kan likita da lauya da malamin jami'a da ma'aikacin banki, waɗanda ake cire wa haraji daga albashi kowane wata a tura wa jihar da suke zaune. Su ke da takardar shaidar biya, su kuma suka iya karanta kasafin kuɗi.

Kayan aikin suna nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ana wallafa rabon kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma duk wata. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma aiwatar da shi na buƙatar masu sa ido. Ƙungiyar ci gaban gari da ke tara kuɗi ta gyara asibitin da hukuma ta yi watsi da shi tana iya ɗaukar alƙaluman rabon wata ta je sakatariya ta nemi bayanin kasafin wannan asibiti, a rubuce, da sunayen mambobinta a ƙasa. 'Yan NEPU sun sha bulala da kurkuku kafin talaka ya sami bakin tambaya. Abin da ake nema daga jikokinsu masu digiri bai wuce takarda da zuwa taron sauraron kasafi da fitowa ranar zaɓen kansila ba.