Wata Huɗu Babu Yaron Shago

Hirarmu ta wannan makon daga cikin gidana ta fito.

Kwanakin baya ɗana na biyu ya shigo shago da takarda a hannu, yana ta noƙe-noƙe. Makarantar koyon sana'ar da yake zuwa a nan Kumasi ta ƙulla musaya da wata cibiya a Lome. Ɗalibansu za su je can wata huɗu, na can su zo nan tare da malaminsu. Shi gini yake koyo, ɓangaren sa tayil. Sa hannuna kawai ake jira.

Ba zan ɓoye muku ba, lissafin shago ne ya fara zuwa mini. Yaron nan shi ke riƙe mini littafin bashi, shi ke tsayawa a kan 'yan dako idan motar albasa ta iso daga Galmi da asuba. In ya tafi sai na ɗauki wani, kuma amana ba a sayenta a kasuwa. Uwarsa kuwa nata lissafin daban ne: wa zai tashe shi sallah, me zai ci, a hannun wa zai zauna.

Na ce ya ba ni kwana uku. A daren farko na tuna ni ma ban kai shekarunsa ba lokacin da Baba ya damƙa ni ga wani maigida, na bar garinmu da tabarma da buta. Gane albasar da za ta kai Kumasi ba ta ruɓe ba, da iya magana da ɗan kwastan, da Asantancin da nake ciniki da shi yau, duk a hanya na koye su. Kakanninmu fatake haka suka yi a hanyar goro ta Gwanja. To ni da tafiya ta zame wa mabuɗin ilimi, da wane baki zan hana ɗana?

Ga abin da na gani da idona. A Najeriya, mai ginin da ke son aikin tayil ko silin mai kyau yakan nemi 'yan Togo da Binin, ya biya su da daraja. A nan Kumasi kuma, motoci daga ƙasashen maƙwabta suke zuwa Suame Magazine neman gyara. Kowace ƙasa da abin da hannunta ya faɗa a kai. Yaron da ya koyi aiki a wuri ɗaya yakan ɗauka yadda ogansa ke yi shi ne kaɗai daidai, har da kurakuransa.

Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A Jamus har yau akwai kafintoci da magina da idan sun gama koyo sukan shiga yawon aiki na shekara uku da kwana ɗaya, ba sa kusantar garinsu da ƙasa da kilomita 50. Tarayyar Turai ta kafa shirin Erasmus a 1987, daga 2014 kuma ya zama Erasmus+, yana ɗaukar masu koyon sana'a da malamansu. A 1987 ɗin ne Najeriya ta fara tura ƙwararru, har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da wasu yankuna. Cibiyar Songhai da aka kafa a Binin a 1985 kuwa matasa daga ƙasashe da dama ke zuwa koyon noma da kiwo a cikinta.

Ni musayar malamai ma ta fi burge ni. Ɗalibi in ya je, gidansu ne ya amfana tukuna. Malami in ya zo, aji guda ne ya amfana, har da yaran da iyayensu ba su da kuɗin mota, da 'yan matan da ba za a bari su kwana a wata ƙasa ba.

Amma ban sa hannu ido rufe ba, ku ma kada ku yi. Da ƙafata na je makarantar, domin zuwa da kai ya fi aike, kuma 'yan damfara da masu safarar yara da sunan koyon aiki suke zuwa. Na tambayi wa ke biyan abinci da masauki da asibiti, na ce a rubuta mini. Na tambayi ko takardar shaidar da zai samo za ta yi aiki a nan. Na duba katinsa na rigakafin shawara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba mutum babu biza, wata huɗu kuwa ya zarce haka, don haka sai da makarantar ta ɗauki nauyin takardar zama. Masu takardun Nijar, Mali da Burkina Faso su ƙara bincike, tunda ƙasashen sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Daga ƙarshe na kira wani aminina a zangon Lome na ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, ka sa mini ido."

Yau makonsa biyar da tafiya. Shekaranjiya ya aiko saƙon murya yana cewa, "Baba, wallahi malamin nan layi guda ya sa na ɓamɓare saboda tazarar da ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba." Ya ce yanzu yana iya yin cinikin siminti da Faransanci. Uwarsa ta saurari saƙon sau huɗu.

Shagon dai ya ji a jikinsa. Yaron da na ɗauka ya rubuta wa wani bashin buhu biyu sau biyu, sai da na ba da haƙuri. Ƙanwarsa ce ta karɓi littafin yanzu, kuma ta fi mu iyawa duka. Jiya tana rufe lissafi ta ce, "Baba, idan Yaya ya dawo, ni ma an ce a Dakar ake koyon ɗinkin gaske."

Na ce ta ba ni kwana uku. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, sai mako mai zuwa.