Ɗalibin noma ya duba gona kafin ya duba sunan jami'a

Idan ɗalibi ya kammala digirinsa na farko a fannin noma ya shiga neman inda zai yi na biyu ko na uku, yawanci sunan jami'a da ƙasar da take su ne ke fara jan hankalinsa. Wannan ma'auni yana da rauni, domin binciken noma a gona ake yin sa, gona kuwa damina take jira.

A yankin Sahel damina ɗaya ce a shekara, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Mai karatun digiri na biyu na shekara biyu ba shi da fiye da damina biyu, sau da yawa ma ɗaya ce, tunda shekarar farko a aji take ƙarewa. Idan kuɗin gwaji suka makara, ko malamin da ke duba aikin ya yi nisa a lokacin shuka, shekara guda ta salwanta, kuma babu takardar uzurin da za ta dawo da ruwan sama.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya fara sanin malamin da zai duba shi: a kan wace shuka yake bincike, kuma ɗalibai nawa suka gama a hannunsa a kan kari. Sannan ya binciki filin gwaji, ko akwai ruwan noman rani da zai ba shi damar sake shuka, da kuma wanda zai biya kuɗin iri da taki da leburori.

Da wannan ma'auni, wuraren da ke kusa suna da daraja fiye da yadda ake zato. Mai son gero yana da tsangayar noma ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga cibiyar ICRISAT a Sadore kudu da birnin, ga kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, a tsakiyar ƙasar gero da wake. Mai son dawa ko gyaɗa yana da cibiyar binciken noma ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello. A Gana, cibiyar WACCI ta Legon, wadda aka buɗe a 2007, tana koyar da masu inganta iri, sannan su koma ƙasashensu su yi gwaji a kan amfanin gonar da mutanensu ke ci.

Masu fifita Turai da Amurka suna da hujja: ɗakunan gwaji na Wageningen a Holan ko na Purdue a Amurka sun fi kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma mai nazarin ƙwayoyin halittar shuka yana bukatarsu. Amma ko buhun nan mai ninki uku na adana wake, wanda ke ɗauke da sunan Purdue, tushensa aikin haɗin gwiwa ne da masu bincike a Marwa ta Kamaru, inda ƙwarin wake ke yi wa manoma ɓarna. Tafiya waje tana da riba idan tsarin karatun ya bar ɗalibi ya dawo gida ya shuka gwajinsa.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin ɗalibi ya cika takardar neman gurbi, ya rubuta wa malamin, ya nemi tsofaffin ɗalibansa ya ji ta bakinsu, in da hali kuma ya je ya ga filin gwajin da idonsa a tsakiyar damina.